Nomau da Waƙar Tsohon Gari

Shekarar da Gulbi ya cika ya cinye tsohon garin Maraɗi, Nasara suka hau da mutane kan tudu, suka ja musu tituna miƙaƙƙu kamar an sa zare. Nomau mai gurmi bai rasa komai a ruwan ba, don shi mutumin Jiratawa ne. Gero yake nomawa, ranar kasuwa kaɗai ke kawo shi birni. Ba shi da ubangida, ba shi da 'yan amshi, gurmin ma shi ya haɗa abinsa da ƙoƙo da fatar damo. Waƙarsa ba ta wuce abin da idonsa ya gani: jakin da ya ƙi tsallake ruwa, mata masu cirar gyaɗa, balbela a bayan shanu. Makaɗan fada kan yi masa dariya, shi kuwa sai ya yi murmushi ya gyara tsirkiya.

Wata ranar kasuwa yana kiɗa a inuwar bishiyar bedi, sai wata tsohuwa mai daddawa, Tsahara, ta kira shi.

"Ɗana, kai da ka yi wa jaki waƙa, mi ya hana ka yi wa garinmu?"

"Inna, ai ga mu cikinsa."

"Wanga? Jiya sau biyu ina faɗawa gidan mutane, na ɗauka nawa ne. Can ƙasa ko ido rufe na san hanya. Amma na fara mantawa. In ka baro marina, tsamiya kake fara tararwa ko rijiya? Na kwana uku ina tunani."

Nomau ya ce zai gwada. Da hantsi ya gangara kufai, ya tarar katangu sun narke, wani har ya shuka kabewa a inda aka ce nan ne zauren maƙera. Ya daɗe a tsaye, bai taɓa gurmin ba.

Wata biyu ya yi yana bin mutane da tambaya. Mahauta suka faɗa masa nasu lungun, marina suka faɗi nasu, wasu har da gardama. Magana ta taru, kiɗa ya ƙi zuwa. Duk wanda ya ɗauko sai ya ji kamar kukan mutuwa, Tsahara kuwa ba kuka ta roƙa ba. Da ya gaya mata, ta ce, "Tafi Tibiri ka nemi Tani. Shekara talatin danga ɗaya ce tsakaninmu. Tun da ruwa ya watsa mu tana wurin ɗanta."

Ya iske Tani tana daka da matar ɗanta. Ba ta ajiye taɓarya ba, ta ce ya zauna ya saurara. Tana daka tana jero masa unguwar gida-gida, kowane suna yana faɗowa tare da taɓarya, ta matar ɗan tana amsawa. Nomau bai san lokacin da yatsunsa suka fara bin su ba. Kiɗan da ya yi ta nema ashe a turmi yake.

Tani ta share gumi ta ce, "Tsahara tana nan da faɗanta? Ka san ni addinin kakanni nake bi, ba ni azumi. Amma in watan ya kama, ba ni hura wuta sai ta sha ruwa, don kada ƙamshin miya ya ƙetare danga ya dame ta. Ban taɓa faɗa mata ba."

"Inna, in sa a waƙa?"

"Sa mana. Mun tsufa, mi ya rage?"

Kasuwa ta gaba Nomau ya zauna kusa da faifan daddawar Tsahara ya fara. A cikin waƙar ya shiga da mutane ta ƙofar tsohon gari, ya bi ta marina, ya wuce rijiya kafin tsamiya. Masu ciniki suka matso. Wanda aka zo ƙofar gidansa sai ya ɗaga hannu, wani dattijo ma ya tsayar da shi ya gyara masa wata kwanar hanya. Da ya iso dangar nan, ya rera abin da Tani ta faɗa, bai ƙara ba bai rage ba.

Tsahara ta rufe baki da gefen zane. Can ta ce, "Shekara talatin ina yi mata gorin ragwanci, wai ba ta girki da wuri!" Mutane suka yi dariya, ita ma ta yi, tana goge ido.

Washegari da sassafe ta ari jakin maƙwabta, ta ƙulle daddawa a tsumma. Nomau ya rataya gurmi ya riƙe mata igiya har Tibiri. Ya bar ta da Tani a tsakar gida suna musu a kan wadda ta fi tsufa, ya kama hanyar Jiratawa, don gero ya isa yanka.