Ƙusoshin Takalmi a Ƙarƙashin Mota

Tun da hantsi Dogo yake kwance a ƙarƙashin motar mahaifinsa, a kan wani tsohon kwali, a tsakar gida. Shi ba bakanike ba ne, gyaran wutar lantarki yake yi, amma tun yana ƙarami Baba ya koya masa riƙe sifana. Jiya da safe ne Baba ya dawo daga kai 'ya'yan Dogo mata biyu makaranta, baƙin mai yana tsiyaya a bayansa tun daga bakin titi har ƙofar gida. Ya ce dutse ya taka, kaskon man da ke ƙarƙashin injin ya fashe. Dogo ya ce a ja ta zuwa gareji, Baba ya ce atafau.

"A gida za a yi. Sayo sabo ka ɗaura. 'Yan gareji bakinsu ya fi hannunsu aiki."

Shekara talatin da takwas Baba ya yi yana tuƙa motar asibiti kafin ya yi ritaya, kuma ko akuya bai taɓa bugewa ba. Kowa a gidan ya haddace wannan magana. Yanzu ga shi zaune a kujerar roba kusa da tayar gaba, akwatin kayan aiki a cinyarsa, yana ba da umarni.

"Ka sa bulo a bayan taya?"

"Na sa, Baba."

"Ka yi sauri dai. Ƙarfe biyu amarena za su tashi. Jiya a tasi aka ɗauko su, yau da safe ƙaramar ko gaisuwa ba ta yi min ba, wai ta sake ni."

"Miƙo min sifana lamba goma," in ji Dogo.

Dogo yana hango hannun tsohon ta tsakanin taya da ƙasa. Bai ɗaga sifanar ya duba lamba ba, babban yatsa yake sawa a bakin kowace yana aunawa. Ya miƙo sha uku. Dogo ya karɓa, ya laluba aljihunsa ya ciro tasa.

Noti goma sha shida ne suke riƙe da kaskon. Yana kan na tara ya haska tocila a kan hujin, sai ya tsaya. Ya san aikin dutse: yakan lotsa ƙarfe ne ya bar dogon ƙarce da farar ƙura. Wannan kuwa huji ne tsaf, kamar an buga wani ƙarfe mai kaifin gefe da guduma. A cikin dauɗar mai da ta daskare kewaye da shi akwai wasu 'yan baƙaƙen abubuwa a maƙale. Ya ciro ɗaya da farce. Ƙaramar ƙusa ce, ba ta kai tsawon farcen ba. Ya ciro ta biyu, ta uku, har bakwai. Can sama, tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ya zaro wani yankin roba da aka yanka da siffar dunduniyar takalmi.

Ya zuba su a aljihun riga. Ya ci gaba da kwance noti.

Ƙanwarsa Auta ta fito da ruwa a kofi, ta tsuguna tana leƙo shi.

"Injiniya, ko ka yi barci ne a ciki? Yaya, ka ji abin da ya sami mai gyaran takalman nan na kwanar makaranta? Wanda yake zama jikin katanga?"

"Me ya same shi?"

"Jiya da safe mota ta hau gefen titi ta bi ta kan kayansa, ta haɗa da ƙafarsa. Har ƙarfen nan da yake kifa takalmi a kai ta ja shi a ƙasa. Karaya biyu, yana asibiti. Kuma mai motar ko tsayawa bai yi ba. An ce ba wanda ya riƙe lamba."

Dogo bai motsa ba. Ƙafafun Baba kawai yake iya gani, cikin silifas, a jere kusa da juna.

"Direbobin yanzu ke nan," in ji Baba. "Ba imani. A zamaninmu ko kaza ka taka sai ka sauka ka nemi mai ita."

Muryarsa ba ta yi rawa ba ko kaɗan. Dogo ya so a ce ta yi.

Ya sauke tsohon kaskon, ya kankare gefen injin da wuƙa, ya shafa gam a bakin sabon, ya ɗaura notocin bi da bi, wannan gefe sannan wancan, yadda aka koya masa. An rubuta a jikin kwalin gam ɗin cewa sai ya yi awa guda ya bushe kafin a zuba mai. Ya sauke jak, ya zauna a gindin katanga, galan ɗin sabon mai a tsakanin ƙafafunsa. Baba ya shiga ciki ya canza riga.

Abu biyu ne, kuma Dogo ya kasa zaɓen wanda ya fi sauƙi. Ko dai Baba ya san abin da ya yi, shi ya sa ya ƙi gareji, ya kuma iya zama ya zagi kansa a gaban 'yarsa ba tare da ya ƙifta ido ba. Ko kuwa da gaske bai ga mutum zaune a gefen titi gari a waye ba. In na farko ne, to bai san mahaifinsa ba. In na biyu ne, wannan mutumin ne zai ɗauko masa 'ya'ya nan da awa ɗaya da rabi.

Sai wata dabara ta zo masa, ta zo a hankali kamar wani ne ya raɗa masa. In bai zuba man ba fa? Injin ba zai kai ƙarshen layi ba zai ƙone. Mota ta tsufa, ta mutu, shi ke nan. Baba zai yi faɗa, ya ce aikin Dogo ne bai yi kyau ba, ya yi ta ba da labarin har ƙarshen ransa. Amma zai ci gaba da zama mutumin da ko akuya bai taɓa bugewa ba, yaran kuma su tsira. Ba wanda zai ji kunya. Sai dai akwai wani kwance a asibiti da ƙafa a naɗe, wanda wannan dabara ba ta yi masa komai ba. Dogo ya juya zancen ta nan, ya juya ta can, kullum sai ya tarar da mutumin a kwance yana jira.

Ya ɗauki galan ɗin, bai buɗe ba, ya ajiye shi a bayan tankin ruwa.

Ɗaya da rabi Baba ya fito sanye da farar riga, yana kaɗa makulli.

"An gama?"

"An ɗaura."

Tsohon ya shiga, ya gyara madubi kamar yadda ya saba, ya murɗa. Injin ya tashi da wata busasshiyar ƙara. A gaban sitiyari jar fitilar mai ta kama, ta ƙi mutuwa. Dogo yana tsaye a bakin taga yana kallonta. Wannan fitilar ce Baba ya taɓa marin wani sabon direba a kanta. Yanzu fuskarsa tana daidai da ita, tazarar bai fi kamu biyu ba.

"Sabon kasko ne yake wannan kukan?" in ji Baba. "Zai daina in ya yi zafi." Ya kai hannu kan giya.

Dogo ya zura hannu ta taga ya kashe motar.

"Kai, lafiyarka?"

"Babu mai a ciki, Baba. Ban zuba ba. Fitilar tana ci tun da ka tayar, ba ka gan ta ba."

Baba ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa sitiyari, yana neman fitilar da ta riga ta mutu. Ya zare makullin ya dunƙule shi a hannu.

"Gwada ni kake yi? Ni?"

"Da farko ba gwaji na yi niyya ba. Abin da na yi niyya ya fi haka muni." Ya kama ɗaya hannun tsohon, ya buɗe tafin, ya zuba masa ƙusoshin da yankin robar. "A jikin kaskon na samu."

Baba ya yi ta murza su da babban yatsa. Ɗaya ta soke shi, bai janye ba. Daga cikin gida ana jin Auta tana waya tana dariya.

"Rana ce ta shiga idona a kwanar," ya ce daga ƙarshe, ƙasa-ƙasa. "Na ji ƙara. Na ji kamar murya kuma. Na ce wa raina rediyo ne."

"Rediyon motar nan ya shekara ba ya aiki."

"Na sani."

Ƙudaje sun taru a kan kwanon tsohon mai.

"Mutumin yana da rai?" in ji Baba.

"Yana da rai. Ƙafa ce."

"Ɗauko man ka zuba. Mu sauke yaran a gida, mu wuce asibitin."

"Wa zai tuƙa, Baba?"

Dogo ya je bayan tanki ya ɗauko galan, ya buɗe bonet ya zuba a hankali, ya auna, ya durƙusa ya duba ko yana ɗiga. Ba ya ɗiga. Da ya miƙe sai ya ga Baba ya fito, yana zagayawa ta gaban motar, hannu ɗaya a jikin ƙarfenta, har ya samo ɗaya ƙofar. Ya daɗe yana neman mariƙinta kafin ya buɗe ya zauna.

Dogo ya goge hannunsa ya shiga mazaunin direba, ya miƙa tafinsa. Biyu saura kwata. Makullin yana nan a dunƙule a hannun Baba, shi kuma yana kallon gaba.