Ranar Kwalliya

Famfo biyu ne a jikin babbar tukunyar tururi ta kamfanin sabulun. Na dama yana kawo baƙin mai, ragowar man inji. Na hagu kuwa dizal mai tsabta. Shekara tara Mai Wuta yana kula da tukunyar, kuma sau biyu kacal a shekara yake taɓa famfon hagu, wato ranar da hukumar muhalli za ta turo masu auna hayaƙi. Ma'aikata suna kiranta ranar kwalliya. Da sassafe a juya famfo, kafin hantsi bututun hayaƙi ya koma fitar da fari tas, kamar bai taɓa saɓo ba. Baƙi na ba da baya, a koma dama.

Gidansa yana layi na uku bayan katangar kamfanin. Ranar Litinin ya kai autarsa asibiti karo na huɗu, ƙirjinta na kuka kamar an danne 'yar kyanwa. Likita ta tambaye shi ko ana ƙona taya a unguwarsu. Ya ce a'a. Bai yi ƙarya ba, amma ya kasa haɗa ido da ita.

Ranar Laraba manaja ya leƙo ɗakin tukunya da hankici a hanci.

"Baba, yau kwalliya. Ƙarfe goma za su iso, juya mana."

"Ba zan juya ba, ranka ya daɗe."

Makanikin da ke kwance ƙarƙashin wani inji ya zaro kai. "Tsoho, aljanun tukunya ne suka hau ka?"

"Su ma tari ya kore su tun bara."

Manaja bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu zai kama famfon da kansa.

"Bismillah," in ji Mai Wuta. "Sai dai in ba ka iya rage mata iska ba, wuta za ta mutu, sabulu ya daskare a bututu. Kwana uku kuna bin sa da guduma."

Hannun ya tsaya.

"'Ya'ya biyar gare ka, Baba. Ka yi tunani."

"Tunanin ne ya kawo mu nan."

Mai Wuta ya zauna kan benci. A shekarunsa, wa zai ɗauke shi aiki? Ya ƙura wa allurar ma'aunin zafi ido, ya ƙi duban kowa.

Mai awon mace ce, da hular kwano da jaka a kafaɗa. Ta hau tsani, ta zura na'urarta cikin bututun hayaƙi, ta daɗe a sama. Da ta sauko fuskarta ta yi dabbare-dabbare da baƙi.

"Kullum haka yake fita?"

"'Yar tangarɗa ce muka samu yau da safe," in ji manaja.

Mai Wuta ya miƙe. "Ranki ya daɗe, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yau ma da sauƙi. Abin da kuka auna shekara tara, ni na shirya muku shi da hannun nan. Zo ki ga."

Ya nuna mata famfunan biyu, ya ɗiga mata man na dama a kan takarda. Ta shinshina, ta yi rubutu mai tsawo, sannan ta ɗaure famfon da waya, ta buga masa jan hatimi.

Kafin azahar an karɓe katinsa na shiga. Ya tsaya ya nuna wa makanikin yadda ake rage iska, sau biyu, don kada wuta ta ci masa gira.

Matarsa tana goye da autar a tsakar gida lokacin da ya shigo.

"Lafiya, da rana tsaka?"

"Sun sallame ni."

Ta dube shi, ta ɗaga kai ta dubi bututun hayaƙin ta saman katanga.

"Masu awon sun rubuta?"

"Shafi biyu."

Ta kwance goyon. "To wanke hannu ka karɓe ta. Bayana ya ƙage tun safe."