Haƙoran Inna da Makin Dakta

Duk wanda ya ce maka karatun kimiyyar harshe hutu ne tunda kowa ya iya magana, ka tura shi ajin Dakta Abdulkabir. Ni sau biyu ina faɗuwa kwas ɗinsa, wanda ake kira Binciken Harshe a Karkara, kuma dokar jami'armu ta ce wanda ya faɗi karo na uku ya tattara komatsansa. Ni kuwa malamin firamare ne, furfura ta fara leƙowa a gemuna, na ajiye alli na tafi neman digiri, kuma duk ƙauyenmu da ke bayan Kunci babu wanda bai san da maganar ba. Idan aka koro ni, ban san da wace fuska zan ratsa kasuwa ba.

Dakta ba ya ba da maki, cirewa yake yi. Ranar farko zai ce kowa yana da ɗari, daga nan sai ya shiga zaftarewa. Jingar da yake bayarwa ita ce ka je ƙauye ka naɗi hira da wani dattijo, ka dawo ka rubuta duk sautin da ya fito da alamomin nan masu ƙugiya da wutsiya, har tari da gyaran murya. Shekarar farko zakara ya yi cara a tsakiyar hirata, Dakta ya cire maki biyar, wai na shigo da mai ba da bayani na biyu ba izini. Ya ƙara cire biyu saboda ban rubuta carar daidai ba. Shekara ta biyu aka gano tsohon da na yi hira da shi ya taɓa zuwa Zariya neman maganin ido, Dakta ya ce Hausarsa ta gurɓata, ya soke aikin ɗungurungum. Ni ma na gode Allah. Wani ɗan ajinmu, Naziru, sai da ya sauka ƙasa da sifiri, aka ciro cikon daga wani kwas ɗin da ya ci.

Bana sai ya ƙaro sharuɗɗa. Mai ba da bayani ya zama ya haura hamsin, bai taɓa kwana a wajen ƙaramar hukumarsa ba, haƙoransa cikakku ne, a kawo hoto don shaida. Sannan dole a ji shi yana amsa wa mai bincike kai tsaye, baki da baki.

Na iso gida ana tsakiyar noman farko, gero ya kai gwiwa. Maimakon in ɗauki fartanya in taya Baba, sai na bi gona-gona ina roƙon dattawa su buɗe baki, kamar mai taya rago a kasuwar Kunci. Abin da na gani ya karya mini zuciya. Goro ya gama da rabinsu, rake ya ƙarasa sauran. Masu haƙoran kuwa duk sun yi cirani. Baba da kansa haƙoransa garau, amma ya yi shekaru yana sayar da ruwa a Legas. Gwaggo Asiya, yayar Baba, ko Kunci ba ta taɓa kwana ba, sai dai bakinta wayam, haƙori ɗaya ne tal, shi ma yana rawa. Da na gama zagaye ƙauyen kaf, mutum ɗaya ce ta cika sharuɗɗan Dakta, wato Inna Hure, mahaifiyata.

Ni ne ɗan farinta. A wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari, Inna kuwa ta riƙe abin da hannu biyu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ba ta kuma taɓa dubana ta yi mini magana ba. Sunana Sha'aban, shi ya sa ko watan ba ta ambata, sai ta ce watan da azumi ke bi masa. Idan abinci ya nuna sai ta gaya wa bango: "A ce wa wancan tuwo na hucewa." Idan na yi laifi turmi ne ke shan faɗa. Ban taɓa ganin aibun haka ba, don na san duk lomar da ta fi nama a kwanona take sauka. Amma Dakta ba ya ba da maki a kan nama.

Hoton bai ba ni wahala ba, Baba ya ba ta dariya na ɗauka daga bayan rumbu. Hirar ce matsala. Na same ta tana tankaɗe, na durƙusa nesa kaɗan, na kunna waya, na ɗaga ludayi.

"Inna, mene ne sunan wannan?"

Ta juya ga turmi. "Ikon Allah. Wasu sun tafi birni neman ilimi, sun dawo ko ludayi ba su sani ba."

"Inna, na sani, so nake ki faɗa."

"A ce wa wasu in sun sani su ajiye, za a dama fura da shi."

Na tura wa Dakta wannan guntun naɗin da hoton ta hannun shugaban aji don ya duba ko zai karɓu. Amsa ta dawo da yamma: muryar tana da kyau, haƙoran ma ya yaba, amma a iya fahimtarsa turmi ne ke gudanar da binciken, don haka in turmin yana da lambar rajista a turo masa ita.

Baba ya ga na rame, ya kawo dabara. Ya ce Inna tana magana da baƙi lafiya lau, don haka in zama baƙo. Ya naɗa mini rawaninsa, ya ba ni babbar rigarsa, na tsaya a zaure na shaƙe murya na yi sallama, na ce ni jami'i ne daga jami'a. Inna ta zo bayan ƙofa ta amsa, muka gaisa har da tambayar iyali da damina. Har na fara murna. Sai na ji ta ce wa ƙyauren: "A ce wa baƙon ya cire rawanin ubansa kada ya ɓata shi da gumi, gobe za a je ɗaurin aure da shi."

Gwaggo Asiya ta ce ita za ta raba gardama. Ta zauna a tsakaninmu, in yi tambaya ta maimaita wa Inna, Inna ta ba ta amsa. Sai dai tambayata idan ta bi ta bakin Gwaggo ba ta fitowa da kamanninta. Na tambayi sunayen sassan jiki, Inna ta ba da amsa a kan farashin gishiri, daga nan su biyun suka zarce hirar wata mata da ta rasu tun kafin a haife ni. Na lissafa abin da Dakta zai cire a wannan naɗin, na ga zan iya tarar da Naziru a inda ya sauka.

Haushi ya kama ni, kuma ba zan ɓoye ba, har da haushin Inna. Na ce a raina, mutum yana nutsewa ana ta kunyarsa. Na tsaya a tsakar gida na fuskanci bango, tunda shi ne ma'aikacin gidan waya a gidanmu, na ce: "A faɗa cewa na haƙura. Jibi za a rufe karɓar aiki, daga nan za su kore ni. Allah ya sa haka ne mafi alheri." Na ɗauki fartanya na tafi gona.

Da hantsi ina duƙe ina noma kunyar gero sai na hango Inna tafe ta gefen gonar gyaɗa, da ƙwaryar fura a ka. Inna ba ta kawo fura gona, aike take yi. Ta sauke a gindin ɗorawa, ta zauna, ta daɗe tana gyara faifan da ba abin da ya same shi. Sannan ta ce wa ƙwaryar: "A kunna abin."

Na zaro waya na kunna. Sai ta juyo gaba ɗaya ta dube ni a ido.

"Sha'aban."

Wallahi na ɗauka wani ake kira. Sunan ya fito mata a karkace kamar takalmin aro, gumi yana bin goshinta.

"Sha'aban, tambayi abin da za ka tambaya. Ga ni."

A nan ne abin ya juye. Ni da na yi kwanaki ina neman wannan ranar, sai na kasa ɗaga kai. Kunya ta rufe ni tun daga wuya har ƙafa. Na ƙura wa fartanya ido, na ji bakina yana cewa: "A tambaya mini, mene ne sunan wannan hatsin?"

"Kai nake wa magana, ba fartanya ba. Gero ne. Wancan maiwa. Ci gaba."

Muka ci gaba, ni ina tambayar fartanya, ita tana amsa mini. Ta faɗi sunayen hatsi, da na ciyayi, da na sassan jiki, kowace kalma tas da cikakkun haƙora. Can a tsakiya na kasa daurewa, na fashe da kuka, ƙato da ni da gemu. Ta jira har na lafa, sannan ta ce: "Share fuskarka, injin yana ji." Da muka gama ta miƙe, ta ɗauki faifanta, ta ce wa ɗorawa a tabbata an shanye furar.

Kwana biyun da suka rage na yi su a kan takarda, sai da yatsuna suka ƙage. Na rubuta muryarta, na rubuta kukan kurciya, har babur ɗin da ya wuce a nesa na nemo masa alama. Na koma jami'a, na miƙa aikin ana shirin kulle ofis.

Bayan sati Dakta ya aiko a kira ni. Na same shi da jan biro a hannu, naɗina yana tashi daga kwamfutarsa. Bai ce in zauna ba.

"Mai ba da bayani ta amsa maka kai tsaye, wannan ya yi. Kai kuma da wa kake magana?"

"Da fartanya, Dakta."

"Cire goma. Kurciya, ba izini, cire biyar. Babur, cire biyar." Ya ci gaba da zaftara, ni ina lissafi a zuci ina salati. Sai ya tsayar da naɗin. "Wannan sautin fa? A takardarka ka bar wurin fili."

"Kuka ne, Dakta."

"Na wa?"

"Nawa. Na duba jadawalin sautuka gaba da baya, babu alamarsa."

Ya cire goma. Ya haɗa lissafi, ya sake haɗawa kamar mai neman inda zai ƙara yanka, sannan ya rubuta arba'in da ɗaya ya kewaye. Arba'in ake nema. Na yi godiya har da addu'ar iyaye, na juya zan fita.

"Dakata. Ita wannan mahaifiyarka ce?"

"E, Dakta."

"Me ya sa muryarta ke rawa a farko?"

"Ni ne ɗan farinta. Ba ta taɓa kiran sunana ba sai ranar."

Ya ajiye jan biron, abin da ban taɓa gani ba. Sannan ya turo mini kwamfutar ya ce in mayar da naɗin baya, daidai inda ta kira ni.

"Akwai wani kuskuren ne, Dakta?"

"Babu," in ji shi, idonsa a kan tebur. "Ni ma ɗan fari ne. Tawa ta rasu bara, ban taɓa ji ba. Kunna."