Abin da Malam Ɗayyabu Ya Ji a Iyafis

Shekara talatin da biyu Malam Ɗayyabu ya yi yana aikin ɗaukar murya a gidan rediyo, kafin ya yi ritaya ya zauna a gidansa na Gyaɗi-Gyaɗi. Masu sauraro ba su taɓa jin muryarsa ba. Shi ne mutumin da ke zaune bayan gilashi da ƙaton abin sauraro a kai, yana murɗa wannan yana sassauta wancan. Lokacin ƙuruciyarsa kuwa shi ake turawa ƙauyuka da rikoda a rataye, ya ɗauko kiɗan noma da kirarin maharba da waƙoƙin mata. Abin da ya rage masa na wancan zamani shi ne kwali biyu na kaset a ƙarƙashin gado, sai kuma kunnen da yake alfahari da shi.

'Yarsa Safiyyah, wadda ke koyarwa a wata sakandare a Hotoro, ita ta lura kaset ɗin sun fara lalacewa. Ta kwashe su ta kai aka juye cikin memori, ta sa masa a wayarsa. Ya kunna ɗaya a zaure, ya kasa kunne na ɗan lokaci, ya kashe. Gidan ba shi da nisa da titin Zariya. Ga hon ɗin 'yan adaidaita sahu, ga janareton mai walda a maƙwabta.

Ya ce, "Wannan ai gwangwani ne ke magana."

"Baba, sifikar waya ce, ba ta da ƙarfi. Iyafis za ka sa."

"Zaren nan da yara ke toshe kunne da shi, a yi musu sallama su yi ta kallon mutum?"

"Akwai masu kyau, Baba. 'Yan Chaina ne, kuma ba tsada."

Malam Ɗayyabu ya yi dariya. Ya ce abin sauraron da ya yi aiki da shi daga Jamus aka kawo shi, mutum biyu kaɗai aka yarda su taɓa a duk gidan rediyon. Yanzu kuma da furfurarsa a ce ya cusa roba a kunne? Safiyyah ba ta ja da shi ba. Ta ce su je kawai ya gwada, in bai yi masa ba su juyo.

Ranar Asabar da hantsi suka je kasuwar Tarauni, shagon wani mai kayan waya da ake kira Murtala. Shago ne ɗan tsukuku, in mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a waje. Murtala ya jawo wa Malam kujerar roba, ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi irin abin da yake saurare.

"Tsofaffin abubuwa," in ji Malam. "Ni zan kunna nawa. Na san yadda ya kamata ya fito."

Ya zaɓi wani kiɗan kalangu da ya ɗauka da hannunsa a wani bikin mahauta, shekaru arba'in da suka wuce. Murtala ya ba shi iyafis na farko, ja mai ƙyalli, ya ce shi samari suka fi saye. Malam ya sa, ya yamutsa fuska, ya cire.

"Kamar an sa kaina a turmi ana daka."

Na biyu fari ne siriri. Shi ma bai daɗe a kunnensa ba.

"Wannan kuma kamar ana kankare ƙanzo da cokali. Safiyyah, tashi mu tafi."

Murtala ya ce, "Baba, yi haƙuri, saura ɗaya. Shi ba ya ƙara wa sauti gishiri, shi ya sa bai cika shiga ba. Yadda aka ba shi haka yake bayarwa."

Ya buɗe wani ɗan kwali mai rubutun Chaina. Kan iyafis ɗin garai-garai yake kamar ƙanƙara, ana hango 'yan wayoyin cikinsa, igiyarsa kuma ta bayan kunne ake zagayo da ita. Malam ya sa, ya saurara, ya girgiza kai. Ya ce sautin ya yi siriri, ba shi da jiki. Murtala ya leƙa kunnen nasa da kyau, ya ce laifin roba ne, ta yi masa kaɗan, iska na shiga ta gefe. Ya zare 'yar robar ya sa wata mafi girma, ya ce Malam ya ɗan ja saman kunnensa sannan ya tura a hankali.

Yana turawa kasuwar Tarauni ta ɗauke.

Malam Ɗayyabu ya ɗaga kai. Ga mai rake can yana buɗe baki yana talla, ga wata mota tana ƙoƙarin juyawa mutane na ɗaga mata hannu, ga Safiyyah tana magana da Murtala, amma duk kamar a bayan ruwa suke. Sai kalangun ya shigo. Ba a gabansa ya ji shi ba, a tsakiyar kansa ya ji shi. Ya ji saukar makaɗi a kan fata. Ya ji kukan igiyoyin kalangun duk sa'ad da mai kalangun ya matse shi a hammata, irin ƙaramin kukan nan da sai wanda ke tsugune kusa da gwiwar mai kiɗa yake jin sa. Har numfashin mutumin ya ji, da wani da ya tofar da yawu a can gefe.

Bai motsa ba sai da kiɗan ya ƙare. Ya zare iyafis ɗin ya ɗora a tafin hannunsa. Kowane kai bai fi ƙwayar gurjiya ba.

"Ɗan nan, me suka sa a ciki?"

"'Yar sifika ce, Baba. Ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba."

"Ikon Allah." Ya sake juya abin a hannu. "Ɗakin da muke sauraren irin wannan sautin, sai da aka lulluɓe bangonsa da katifa."

Da Murtala ya faɗi kuɗin, Malam ya sa ya maimaita, don ya zaci kunnensa ne bai dawo daidai ba. Bai wuce kuɗin kaji biyu ba. Murtala ya haɗa masa da sauran robobin, ya ce kada ya riƙa ƙure murya, kada kuma ya naɗe igiyar da ƙarfi. In ta tsinke ma ana zare ta a sa wata.

Tun daga ranar, in ya dawo daga sallar la'asar sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya bi kaset ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ran Alhamis ya iso kan wani da Safiyyah ta kwafo sunansa daga rubutun hannunsa: Niƙa, gida, 1981.

Ya tuna ranar. Ya je ƙauyensu da ke bayan Bunkure da rikodar ofis, ya roƙi mahaifiyarsa ta yi magana ko kalma biyu ce ya ɗauka. Inna ta ƙi. Ta ce ba za a kai muryarta kasuwa maza su yi ta ji ba. Sai ya haƙura ya tsuguna gaban matan maƙwabta da suka shigo niƙa, ya ɗauki waƙarsu. Shekara biyu bayan haka Inna ta rasu, ba hoto, ba murya. Waƙar farko kaɗai aka yanka aka sa a rediyo. Sauran kaset ɗin a tsohuwar rediyonsa ta gida yake jin sa jefi-jefi, kuma ban da gurzar dutse ba ya jin komai a tsakanin waƙoƙin.

Ya tura robar a kunne ya danna. Duwatsu biyu na tafiya, ɗaya ya fi ɗaya kauri. Wata mace mai zaƙin murya tana bayarwa, saura na amsawa. Waƙar farko ta ƙare, duwatsun ba su tsaya ba. A bayansu ya ji ƙofar langa-langa ta yi ƙara, ya ji takun mutum ba takalmi. Sai wata murya daga nesa, ƙasa-ƙasa, amma kowace kalma a fili:

"Ku ba Tanko ruwa mana. Tun hantsi yake tsugune kan akwatin nan kamar kaza a kan ƙwai."

Matan suka kwashe da dariya.

Malam Ɗayyabu ya fizge iyafis ɗin ya waiwaya. Ba kowa a tsakar gidan sai igiyar shanya da buta. Mutum ɗaya ne a duniya yake kiran sa Tanko da irin wannan jan wasalin, kuma shekara arba'in da ɗoriya ke nan da ya sa ta a kabari da hannunsa. Ya yi salati, ya yi mata addu'a, sannan ya mayar da robar kunnensa, ya ja sautin baya da yatsa kamar yadda Safiyyah ta koya masa. Ta sake faɗa. Ya sake ja. Bai san sau nawa ya yi ba. Hawaye na bin gemunsa, shi kuwa murmushi yake. Da bai ga hasken rana ya yi ja a jikin katanga ba, da magariba ta wuce shi.

Washegari da safe ya tafi Darmanawa wurin yayarsa, Hajiya Kulu, wadda ta girme shi da shekara biyar, idonta kuma ya yi rauni. Bayan sun gaisa ya ce ya kawo mata wani abu ta ji. Ta laluba iyafis ɗin da yatsu, ta ture.

"Ni ba na sa tsinke a kunnena, balle wannan."

"Yaya, don Allah. Sau ɗaya."

Ya zaɓo mata mafi ƙanƙantar roba, ya sa mata da kansa a ƙarƙashin ɗankwali. Bai gaya mata komai ba. Ya danna, ya zauna yana kallon fuskarta.

Da sautin ya fara, sai ta ɗaga yatsa. Ta ce da ƙarfi, don ba ta jin kanta, "Wannan dutsen gidanmu ne! Mai ɓalli a gefe!" Can kuma sai ta daskare. Bakinta ya buɗe. Ta dafa tabarma kamar za ta miƙe, ta ce, "To, Inna."

Ta rufe fuska da mayafi. Malam ya tsayar da sautin ya bar ta ta yi kukanta. Da ta nutsu ta ce, "Ni na kawo maka ruwan. Na zo ganin gida a lokacin. Ko kallona ba ka yi ba, idonka na kan allurar akwatin nan." Ta share ido. "Mayar mini. Kar ka tsayar."

Ya ci gaba da kunnawa. Waƙa ta biyu ta fara. Hajiya Kulu ta kama hannunsa ta matse.

"Ka ji ta? Ka ji ta tana amshi?"

"Wa?"

"Inna mana! Ga ta nan a ƙarƙashin sauran, mai kaurin nan."

Ya karɓi kunne ɗaya ya sa, suka haɗa kai kamar yara. Da gaske akwai wata murya a ƙasan amshin, mai kauri da sanyi, tana shigowa kaɗan bayan sauran, tana jan ƙarshen baiti. Jiya ya ji ta, amma bai gane ta ba, domin tun da aka haife shi bai taɓa jin mahaifiyarsa ta rera waƙa ba.

"Inna na waƙa?"

"Kai ɗa namiji ne, ina za ka sani? Kafin ta yi aure ita ke bayarwa a dandali, har daga wasu ƙauyuka ake zuwa jin ta. In ba maza a gida, mu muke shan daɗi. Ranar nan ta ɗauka akwatinka ba ya jiyo nesa." Hajiya Kulu ta yi dariya cikin hawaye. "Ita ta koya wa Ladi wannan waƙar ma."

"Wace Ladi?"

"Mai bayarwar nan da kake ji. Amaryar gidan Zakariyya mai tireda ce a lokacin. Ai tana nan da ranta, a Unguwar Gano, wurin ɗanta Kabiru. Muna haɗuwa a wajen suna."

Malam Ɗayyabu ya jingina da bango. Shekara da shekaru yana wuce Unguwar Gano, bai san mai wannan murya tana bayan ɗaya daga cikin katangun ba. Hajiya Kulu kuwa har ta fara laluben takalminta.

Kafin azahar suna tsakar gidan Kabiru. Ladi ta tsufa, ta yi ƙiba, tana zaune tana tsince shinkafa a faranti. Da aka yi mata bayani ta ce ita ba ta tuna wata waƙa ba, an daɗe da barin wannan, injin niƙa ya kashe ta. Amma ta yarda aka sa mata iyafis ɗin.

Da farko ta rufe baki da hannu don kunya, jin muryarta ta 'yar shekara goma sha tara. Sai hannun ya sauka. Kafaɗunta suka fara zuwa gaba suna dawowa, tafukanta biyu a kan farantin kamar a kan ɗan dutse. Kaset ɗin ya ƙare a tsakiyar baiti, inda zaren ya ƙare tun wancan zamani, amma Ladi ba ta tsaya ba. Idonta a rufe, kunnuwanta a toshe, ba ta san yadda muryarta ke tashi ba. Ta ɗora daga inda aka yanke, baiti bayan baiti, Hajiya Kulu na amsa mata. Surukarta ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya. Matan maƙwabta suka fara leƙowa ta ƙofa, ɗaya da goyo, ɗaya da kumfar wanki a hannu, suna tambayar juna a hankali ko wace ce wannan.