Jan Maki Na Uku

Mai Jan Biro yana da wani ɗan aibi da shi kansa ba ya musu a kai: bai taɓa karanta takardar bayanin komai ba. In ya sayi fanka, takardar ce ke fara shiga kwandon shara, ya haɗa abinsa da ka, in sukurori biyu suka yi saura ya ce kyauta ce daga kamfani. Sai ga shi da furfurarsa an ɗauke shi aikin tantance bayanan da wasu suka rubuta.

Kamfanin yana tsara wa asibitoci layin ganin likita. Mai amsa wa marasa lafiya wata manhaja ce mai ƙirƙirarriyar basira, wadda kowa a ofis ke kira Ɗan Aike. Ɗan Aike yana da kayan aiki wajen arba'in, wannan na duba ranar likita, wancan na tura saƙo, kuma bai san ko ɗaya ba sai ta 'yan layukan da injiniya ya rubuta masa a kai. Aikin Mai Jan Biro shi ne ya ba shi bayanin, ya jefa masa buƙatu goma irin na mutane, ya ga abin da zai aikata, sannan ya danna kore ko ja. Ba shi da ikon gyarawa, ba shi da ikon gaya wa marubucin abin da zai rubuta. Injiniyan da ya sha ja uku a wata ɗaya kuwa, sai ya tattara ya bar aiki.

Ofishinsa a da ma'ajiyar takardu ce, ba taga. Teburin yana da gurguwar ƙafa, wadda ya tokare da wani ɗan littafi da aka ba shi ranar da ya fara aiki.

Ran Litinin da hantsi bayanin ƙanin matarsa ya faɗo masa. Mai Jan Biro ne ya kawo shi kamfanin da hannunsa, mutum mai 'ya'ya huɗu, kuma ja biyu ya riga ya sha a watan daga wajen wasu. Bayanin layi biyu ne: "Yana cire mara lafiya daga layi. A ba shi lambar kati." Bai ce wanda aka cire ba ya komawa gurbinsa ba. Bai ce a tambayi mutum tukuna ba. Bai ce akwai wani kayan aikin daban na canza rana ba.

Mai Jan Biro ya rubuta kamar wata tsohuwa da ta jira likitan ido wata huɗu: "Ɗana, Laraba ba zan samu zuwa ba." Ɗan Aike ya share ta daga layi nan take, ya kuma yi mata fatan samun sauƙi cikin ladabi. Ya sake da wani direba, ya sake da mai juna biyu. A cikin goma, Ɗan Aike ya sallami bakwai.

Ƙofa ta buɗe har ta bugi bayan kujerarsa. Ƙanin matar ne ya cike bakin ƙofar, yana murmushi.

"Yaya, na ga nawa yana hannunka. Ka ga yadda na taƙaita? Ba surutu."

"Na gani, Injiniya. Ko saƙon gaisuwar mutuwa ya fi shi tsawo."

"To ai an ce a taƙaita."

Mai Jan Biro ya dubi silin, inda ba komai sai fitila da gawar ƙwari. Doka ta hana shi faɗa, amma ba ta hana shi ba da labari ba.

"Ka tuna ranar da yayarka ta ce in rage mata tsawon labule?"

"Ka yanke rabi! Har yau maƙwabta na ganin ƙafafunku." Ya yi dariya har da riƙe ƙofa.

"To, da ta ce min abin da aka yanke ba ya komawa..."

"Kai dai ba ka iya almakashi ba, Yaya. Danna min kore in je in ci abinci."

Ya fita. Ba a yi minti biyar ba wayar Mai Jan Biro ta yi ƙara.

"Baban yara, ka ci abinci?" Matarsa ce. Shekara ashirin da aure, bai taɓa jin ta yi wannan tambayar da rana tsaka ba.

"Ban ci ba."

"Wai aikin ƙanina yana gabanka? Ni dai ban ce komai ba. Mama ce take tambaya."

"Mama ta san abin da ake kira kayan aikin Ɗan Aike?"

"Ta san jikokinta huɗu ne."

Ya ajiye wayar. Ya so ya miƙe ya ɗan zaga, amma ɗakin taku biyu ne, na uku bango. In ya danna kore, sa hannunsa ne a kan duk tsohuwar da za a kora daga layi, kuma wannan karon ta gaske. In ya danna ja, shi da surukarsa sai dai gaisuwa daga nesa. Ya sake gwajin, ko Ɗan Aike zai ji kunyarsa. Wannan karon takwas ya sallama. Ya roƙe shi a rubuce, ya ce ka yi tunani mana. Ɗan Aike ya amsa cewa ya bi bayanin da aka ba shi ne, ko akwai wani abin da zai taimaka da shi?

"Akwai," in ji Mai Jan Biro da ƙarfi. "Ka je gidanmu ka yi bayani."

Ƙarfe huɗu saura kwata, lokacin rufe maki, ya goge tafin hannunsa a wando ya danna ja. Ya zauna yana kallon allon kwamfutar, ko zai tambaye shi ya tabbata. Bai tambaya ba. Ya jingina goshinsa da teburin, teburin ko motsi bai yi ba, tokarin ya riƙe da kyau.

Ɗan littafin da ke ƙarƙashin ƙafar teburin shi ne jagoran masu tantancewa. A shafi na biyu an rubuta cewa ba a duba aikin ɗan'uwa ko suruki, a tura wa wani.