Ƙofar Gwaggo Barira

Shekara biyu Abdulnasir yana fama da yaren kwamfutar da ya ƙirƙira, wanda ya raɗa wa suna Tubali, amma ko mutum ɗaya bai taɓa rubuta layi guda da shi ba. Umarninsa duk da Hausa suke, ga sauƙi, sai dai ba mai kallonsa. Yayansa Mu'azzam ya samo masa aiki a Kano, ya ce in damina ta wuce bai samu mai amfani da abin ba, ya tattara ya taho. Abdulnasir ya amince, ransa ba daɗi.

Akwai wata duniya ta cikin intanet inda mutane ke gina gidaje, kowa da ɗan mutum-mutuminsa yana yawo. Nan ya shiga tallar Tubali. Ya rubuta umarnin da ke saukar da ruwa, ya yi kura mai tashi sama. Mutane suka yi dariya, suka wuce abinsu.

Ran nan ya hau babur daga Kazaure zuwa Roni gaida gwaggonsa Barira, tsohuwar malamar firamare mai baki kamar reza. 'Yarta Ummi Kulsum tana karatu a ƙasar waje, ta gina musu gida a wannan duniyar don su riƙa haɗuwa, amma Gwaggo ta ƙi zama a ciki.

"Wane irin gida ne wannan, Nasiru? Kana zaune sai ka ga ƙato a tsakar ɗaki, ba sallama ba komai."

Nan take ya buɗe kwamfuta ya yi mata zaure da ƙofa. Baƙo ya yi sallama, ƙofa ta buɗe. Har yana wani murmushi, wai shi gwani.

Gwaggo ta harare shi ta saman tabarau. "A gidan wa ka ga haka? Sallama ba mabuɗi ba ce. Sai an amsa. In ka yi sau uku ba a amsa ba, ka juya. Matso, ba ka iya ba."

Ta janye kwamfutar. Da yatsa ɗaya take bugawa, tana karanta kowace kalma a fili, tana tsaki in ta yi kuskure. Shi kuwa ya naɗe hannu, ya bar ta. Ta gyara ƙofar tsaf. Sai kuma ta tambaye shi yadda ake sa murya a ciki.

"Muryar wa, Gwaggo?"

"Tawa mana. Lokacinmu ba ɗaya ba ne da na can. Yarinyar nan za ta zo ina makarantar Islamiyya ko ina wajen awaki, ta yi sallama sau uku a ƙofar uwarta, ta juya. Ba zan iya ba."

Ta kai bakinta kusa da kwamfutar, muryarta ta yi laushi. "Wa alaikumus salam, Ummina. Shigo, ina zuwa."

Ta rubuta layin da ya ware sunan 'yarta, ita kaɗai ƙofar za ta amsa wa da wannan murya, ta buɗe mata. Abdulnasir ya karanta shi sau biyu. Shi bai taɓa tunanin irin wannan umarni ba, kuma ga shi ya zauna daidai a cikin Tubali. Daɗi ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa.

"Kuka kake yi?" in ji Gwaggo. "Share fuskarka. Gobe matan unguwa huɗu za su zo, duk 'ya'yansu na nesa. Ni zan koya musu, kai dai ka zauna kusa."