Ba a Wuce Mai Agogo

Ƙungiyar mazauna layinmu ta girmi kwaltar da ke kan layin, kuma tun kafuwarta tana da ƙa'idar da ba a taɓa karyawa ba: idan an fita zanga-zanga, wanda ya fi kowa shekaru shi ne a gaba, kuma babu mai wuce shi. Haka aka yi a shekarar da aka so rufe famfon kan kwana, haka aka yi a shekarar da aka cire fitilun titi. Duka biyun an yi nasara, ko da yake ta biyun ta zo ne bayan an saba da duhu.

A bana hukumar gari ta ƙudura sare bishiyar da ke bakin tashar bas domin ta kafa allon talla. A ƙarƙashin bishiyar nan Mai Agogo yake kafa teburin gyaransa tun yana saurayi, kuma yanzu idanunsa ba sa jure rana. Ya ce ranar da aka sare ta zai tattara 'yan sukurorinsa ya koma gida ya zauna. Matarsa ta ce wannan kuma ita ce ba za ta jure ba.

Shugabanmu, tsohon ma'aikacin gidan waya, ya kira taro a falonsa. 'Yarsa, wadda ke aiki a kantin magani, ta nemi izinin magana. Ta ce zamani ya canza, a wasu ƙasashen da babban yatsa ake girgiza hukuma, kuma ta riga ta buɗe shafi a waya, dubban mutane sun danna alamar goyon baya. Shugaba ya tambaya cikin natsuwa ko waɗannan dubban suna da ƙafafu. Ta ce suna da su, kuma zai gani.

Safiyar da za a yi saran, waɗanda suka zo daga cikin dubban ba su cika benci ɗaya ba, ɗayansu ma tambayar hanya ya zo yi. Mu kuwa muka yi sahu bisa shekaru, muka ɗaga tsohon ƙyallenmu, wanda aka goge masa "famfo" aka goge masa "fitila" aka rubuta "bishiya". Mai Agogo ne ya fi kowa tsufa, saboda haka ya shiga gaba.

Wanda bai ga tafiyar Mai Agogo ba bai san haƙuri ba. Yakan ɗaga ƙafa ya yi shawara da ita kafin ya ajiye. Yakan tsaya a kowace ƙofa ya gaida masu gida, ya tambayi lafiyar agogon bangonsu. Layin kuma siriri ne, motoci a ajiye hagu da dama.

Ba mu yi nisa ba sai ga motar hukuma a bayanmu, da zarto da igiya da tsani. Direban ya yi ta danna oda. Da ya gaji ya sauko, ya gaida Shugaba cikin ladabi, ya roƙi a ɗan raɓe ya wuce, domin aiki zai yi a bakin tasha. Shugaba ya bayyana masa cewa duk wanda ke bin bayan Mai Agogo a ranar zanga-zanga yana cikin zanga-zangar, ko a ƙafa yake ko a mota, kuma an yi haka da mai kurar ruwa a shekarar famfo.

"Baba, ni fa bishiyar nan zan sare," in ji direban.

"Wannan ra'ayinka ne, ɗana, kuma za a saurare shi idan an isa. Shekarunka nawa?"

Da ya faɗa, aka ga ya girmi 'yar Shugaba da kaɗan, sai aka ba motarsa matsayi a gabanta. Ya so ya koma da baya, amma a lokacin bas ta riga ta toshe bayansa. Can hannayen masu riƙe ƙyallen suka gaji. Shugaba ya ce a ƙa'ida ƙarami ke ɗaukar wa babba kaya, saboda haka aka ɗaure ƙyallen a jikin tsanin motar.

'Yar Shugaba, wadda tun safe ta sha kunu a ƙarshen sahu, ta ɗaga kai ta ga motar hukuma tana rarrafe ɗauke da rubutun "Ku bar mana bishiya". Ta zaro wayarta ta ɗauki hoto ta saka a shafin. Kafin Mai Agogo ya gama gaisawa da mai wanki, dubban nan sun tuna suna da ƙafafu. Suka yi ta ɓullowa daga lunguna, ana tambayar kowa shekarunsa ana ba shi wuri.

Wayar direban ta yi ƙara. Daga yadda ya cire hularsa muka gane maigidansa ne. Ya rantse bai shiga kowace ƙungiya ba, sahu ne kawai ya haɗa su. Daga baya muka ji cewa 'yan jarida sun cika ofishin suna tambayar dalilin da ya sa hukuma take yi wa kanta zanga-zanga. Maigidan bai ga mafita ba sai ya ce dama an aika motar ne ta nuna goyon baya, kuma bishiyar ba ta taɓa shiga haɗari ba.

Sai da rana ta take muka isa gindin bishiyar. Shugaba ya ce ƙa'ida ce ta yi aiki, 'yarsa ta ce waya ce. Aka ɗage muhawarar zuwa taro na gaba, aka kuma amince cewa nan gaba za a riƙa gayyatar motar hukuma da wuri.

Mai Agogo ya zauna a inuwarsa, ya buɗe tebur, ya yafito direban ya kama hannunsa ya duba agogonsa.

"Shi ya sa ka yi ta danna mana oda," ya ce. "Yana gudu. Cire shi ka zauna."